Ruwan da Baba Ya Ƙi Zubarwa

Ina ɗan shekara goma, a sanyin shekarar da aka yi gasar Olamfik a ƙasar Sin, muna haya a Shiling, bayan Guangzhou, a gida mai ciyawa da bututun feshin ruwa binne a ƙasa. Da la'asar mai gidan, wata tsohuwa 'yar Sin, ta shigo tana haki. Ni ne tafinta.

Na ce, "Baba, wai yau ruwa zai iya daskarewa ya fasa bututu. A rufe babban famfo, a tsiyaye bututun kaf. In ya fashe, mu tashi mata daga gida."

A lokacin baƙo irinmu sai ya sha wuya kafin ya samu haya.

Baba kuwa ya tashi a Kano, inda ake wuni ana jiran mai garuwa. Sai ya ɗauko bargonmu ya lulluɓe famfon.

"Gaya mata ba a zubar da ruwa a banza. Almubazzaranci ne."

Tsohuwar ta yaye bargon, ta nuna mana ƙofa. Na tsaya tsakaninsu, na ƙi fassara mata maganar Baba.

"Baba, don Allah."

Ya dube ni. Can ya ce, "Ɗauko buta, da bokiti, da tukwanen uwarka."

Da hannunsa ya kwance bakin bututun. Ruwan ya fito yana warin tsatsa, muka tare shi duka. Tsohuwar ma ta riƙe kwano.

Da na girma na zauna a ƙasashen ƙanƙara, inda ake hure bututu da injin iska, ruwan ya bi ƙasa. Har yau ba na buɗe nawa sai na tara bokiti.