Ƙuri'un Layin Landan

Ranar da aka liƙa sunayen masu zaɓe a ƙofar ofis, Zahari Penchev, magajin garin Yasenitsa, ya bi takardar da yatsa har sau uku. Sunaye goma sha tara sun ɓace, kuma duk na 'yan Ingila ne.

"Ƙasarsu ta fita daga Tarayyar Turai, ranka ya daɗe," in ji sakatariyarsa. "Wanda ba ɗan Tarayya ba, ba shi da ƙuri'a a zaɓen gari."

"Ina suka fita? Ga Misis Maureen can tana ba wa kyanwa abinci!"

Ya koma kujera ya zauna. A Yasenitsa ƙuri'a gado ce. In tsoho ya mutu, jikansa ne zai gaji gonar inabi, ya gaji wanda za a zaɓa. Shi ya sa zaɓe biyu a jere alƙaluman ba su motsa ba: Zahari ɗari da arba'in da uku, Malama Velichka, tsohuwar shugabar makaranta, ɗari da arba'in da ɗaya. Ƙuri'a biyu ke riƙe da kujerarsa, ga shi an kwashe goma sha tara a tashi ɗaya.

Ya yi wa mutanen nan wahala. Tsofaffi ne 'yan fansho da suka sayi gidajen da matasa suka gudu suka bari, wai suna neman inda babu hayaniya. Layinsu, wanda mutanen gari ke kira Landan, shi ya fara shafa wa kwalta, har manyan motocin katako suka mai da shi hanyarsu. Ya sare manyan itatuwan da suka rufe layin, ya kafa fitilu masu hasken filin ƙwallo. Lasifikar sanarwar gari ma can ya kai ta, don su riga kowa jin labari da ƙarfe shida na safe. Duk Lahadi kuwa yana zagaya su gida gida da kwalbar yajin barkono da molonsa, ba ya tashi sai ya yi waƙa huɗu.

Kullum da murmushi suke rako shi. "Ka yi ƙoƙari, Zahari," su ce. "Mu dai ba mu san abin da za mu ce ba."

Saboda haka ya tashi tsaye. Ya rubuta takardar koke a mayar wa baƙin gari haƙƙinsu, ya ajiye ta a kantin gari. Wadda ta fara sa hannu ita ce Malama Velichka, har ta ja layi biyu a ƙarƙashin sunanta.

"Munafurci ne," ya gaya wa matarsa Ginka. "So take a ce tana da dattako."

"Haka ne, maigida," in ji Ginka, ba ta ɗago daga tukunyar tumatir ba.

Da zai tafi Sofiya, babban birnin ƙasar, kai koken, tsohuwar motarsa ta ƙi tashi. Sai ga Malama Velichka da makullin tata.

"Ɗauki, Zahari. Na cika tanki. Kada ka dawo sai sun amsa."

Ya karɓa yana harararta, ya tabbata ba'a take masa. A Sofiya aka yi ta tura shi daga hawa na biyu zuwa na biyar, har wani ma'aikaci ya ce masa in yana da ƙorafi, ya kai wa mutanen Ingila, su suka zaɓi fita.

Ya dawo da wata dabara. In baƙuwa ta auri ɗan ƙasa, ai hanyar zama 'yar ƙasa ta buɗe. Ya wanke ƙanin matarsa Kolyo, makiyayin tumaki, ya sa masa kwat, ya kai shi gidan Misis Maureen da ta daɗe da rasa miji. Kolyo ya sha shayi kofi uku, ya cinye biskit ɗin gidan, ya miƙe ya fita.

"Zahari, don Allah ka daina wahalar da kanka a kanmu," in ji Misis Maureen a bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da shi. "Ba mu cancanta ba."

Maganar ta taɓa shi ƙwarai. Ranar Lahadi ya ƙara musu waƙa biyu.

Ana jibi zaɓe ya haƙura. Ya kwashe butar shayinsa da hoton mahaifinsa daga ofis, ya rubuta jawabin ban kwana shafi shida. Ya gamu da Malama Velichka a bakin coci, ya ga ta rame kamar mai jinya.

"Malama, ke da za ki hau kujera, mene ne na ɓata rai?"

Ta dube shi. "Kai dai Allah ya so ka, Zahari," ta ce, ta wuce.

Washegarin zaɓe ya sa baƙar kwat ɗinsa, jawabi a aljihu, ya nufi ofis don miƙa makulli. Ya tarar da mutane cunkushe gaban takardar sakamako. Suna ganinsa suka dare, wasu na danne dariya. 'Yan layin Landan na tsaye daga gefe, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Ya sa tabarau, ya nemi sunansa. Ɗari da arba'in da uku, cif, ko ɗaya ba ta ragu ba. Ta Malama Velichka ce ta ragu da goma sha tara.