Jitar Lantarki a Gaban Kaka

Masu sharhi a jaridun birnin Glasgow sun yi wa faifan wata ƙungiyar mawaƙa kaca-kaca, wai sun ɓata waƙoƙin masunta da jitar lantarki. Matasa kuwa har sun haddace shi.

Mai gangar ƙungiyar ya ce wa mawaƙiyarsu, "Yau a tsibirinku muke, gaban tsofaffinku. Mu sassauta."

"Ko waya ɗaya ba zan cire ba," in ji mawaƙiyar.

Tana tsakiyar waƙa sai kakarta, wadda ta koya mata ita, ta miƙe tana buga sanda. Amma mawaƙiyar ta ƙi sauke jitar.

Kakar ta ɗaga murya ta ce, "Ke 'yar nan! Cikin rugugin teku muke rera ta. Tsoron wa kike ji? Ƙure mana sautin!"