Igwar da Ta Koma Hannun Turkawa

Ka ce kai ba ka iya ganin ana ɓata aiki ka yi shiru, ko? To, gyara zama ka ji. A zamanin da Faransawa suka yi wa wani birnin Turkawa na bakin teku ƙawanya, akwai wani Bafaranshe maharbin igwa, gwani na ƙarshe, sai dai bakinsa ba linzami. Igwar nan tasa kuwa ya fi kula da ita a kan cikinsa, kullum yana goge ta har ta riƙa ƙyalli. Da za a taho yaƙi ya hana a ja ta cikin rairayi, wai kada ta ƙuje, ya sa aka ɗora ta a jirgin ruwa. Ashe jiragen Ingilishi na tsare da hanya. Suka kame jirgin, suka miƙa wa abokansu Turkawa igwar kyauta. Gogan naka yana cikin ramin da sojoji suka haƙa gindin ganuwa yana jiran isowarta, sai ya ɗaga kai wata safiya ya hango ta bisa ganuwa, bakinta ya juyo kansa.

Abu ɗaya ya ceci Faransawa. Igwar tana da hali, harbinta hagu yake karkata, kuma duk duniya mai ita kaɗai ya sani. Kwana uku wani Baturke yana harbi da ita, harsashi na faɗawa cikin gonar albasa, Faransawa na kwance suna dariya. Shi ko maharbin Faransawa ko murmushi bai yi ba, zuciyarsa sai tafasa take, don gani yake ana zubar wa igwarsa mutunci a bainar jama'a. Ran na huɗu haƙuri ya ƙare, ya miƙe tsaye ya ƙwala ihu, "Kai, ɗan koyo! Rage albarushi, ka karkato ta dama kaɗan!" Wani Baturen Ingila da ke kan ganuwar yana jin Faransanci, ya fassara tsaf. Baturke ya ɗaga hula ya gode, ya gyara, ya saki. Rami ya rufta, tukunyar miya ta yi sama, tantin kwamanda ya bi ta. Aka tono maharbi ba gashin baki, ba haƙoran gaba, yana tofar da ƙasa yana cewa, "Yauwa, yanzu aka yi harbi." Kafin azahar kwamanda ya tuɓe masa igiyoyin muƙaminsa, ya ba shi kiwon alfadarai.

Ka ga dalilin da Hausawa ke cewa, baki shi ke yanka wuya.