Takobin Mijin Suk-yin

"A fara!" in ji darakta.

Suk-yin ta tsaya gefe da kwanon shinkafar mijinta Kam-fai. Yau a fim an sa masa kakin sojan wani madugun yaƙi, zai sare malamin kung fu.

Ya zare takobi, ya karkata kai, ya yi wani siririn fito da baki kafin ya kai sara.

Suk-yin ta gane fiton. Tana yarinya a garinsu Toishan, ɓoye a ƙarƙashin gado, wannan fiton ta ji sak, sannan ta ji faɗuwar babanta. Ba ta ga fuskar sojan da ya sare shi ba.

Darakta ya tafa. "Kai, tsoho! Wa ya koya maka wannan?"

Kam-fai ya yi dariya, ya waiwayo wajen Suk-yin. "Maman Ling, miƙo abincin mana, yunwa nake ji."