Hayaƙin Taya

"Ke 'yar boko, ke za ki koya mana banda?" in ji shugaban masu kifi. Kasuwa ta kwashe da dariya.

Laifinta ɗaya: ta ce hayaƙin tsohuwar tayar da suke hura wutar banda da ita guba ne. Suka kore ta daga rumfa. Damina biyu tana ratsa fadamar Haɗeja da itace a ka, tana banda a gida, kifinta yana kwantai.

Ran nan sai ga shugaban a zauren gidansu, yana waige-waige.

"'Yata, zuba min naki. Yarana zan kai wa."

Ta dube shi, idonta jajur.

"Baba, waɗanda kake sayar wa naka fa? Su ba su haifa ba ne?"