Mai Tuwon da Ta Bar Cin Tuwo

Ka ce ɗanka ya ƙi abincin da likita ya tsara masa, har ka gaji da faɗa. To, zauna ka ji. An yi wata mata mai sayar da tuwo a bakin tasha, tana da 'ya 'yar shekara bakwai mai farfaɗiya. Maganin asibiti ya rage ciwon, amma bai tsayar da shi ba. A mako yarinyar sai ta faɗi sau huɗu, sau biyar, goshinta duk tabo. Matan gidan hayarsu kuwa sun daɗe suna janye 'ya'yansu daga duk kwanon da ta sa hannu, wai ta miyau ake ɗauka. Uwar ta yi bayani har bakinta ya bushe, ba wadda ta saurare ta. Ana nan sai likita ya ce a ci gaba da magani, amma a gwada sauya mata abinci: ƙwai, kifi, nama mai kitse, man shanu, man gyaɗa da ganye, komai a aune. Ba tuwo, ba shinkafa, ba kunu, ba fura, ko alewa ɗaya. Ya ce ba kowa abin yake karɓa ba, kuma 'yar loma kaɗan tana iya rushe aikin kwanaki. Matar ta dawo ranta a jagule, don ta san ana ware wa 'yarta kwano masu tsegumi za su ce ga shi nan, uwar ma ta yarda. Haka kuwa aka yi. Yarinyar ta zauna a lungu ita kaɗai, ta kalli ƙwai yana iyo cikin mai, ta ture. Lallashi bai yi ba, tsawa ba ta yi ba. Rana ta huɗu aka same ta tana kankare ƙanzo a gindin tukunya, washegari ta faɗi a bakin ƙofa.

Matar ba ta doke ta ba. Ta koma ta tambayi likita ko babba mai lafiya zai iya cin wannan abincin, ya duba ta ya ce za ta iya. Daga ranar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda kowa ke gani, ta ajiye kwano ɗaya, ta sa hannu, ta ce wa 'yar, "Nawa da naki ne." Ka duba fa, mace ce da take tuƙa tukunya uku kullum, tururi yana dukan fuskarta, ta kwashe malmala sama da ɗari, amma ko lakuta ba ta kaiwa baki. Makon farko jiri ya riƙa ɗibarta, maiƙo ya gundure ta, abokan sana'a suna tsokanarta, wai ga mai tuwo da kwaɗayin tuwo. Ta toshe kunne. Yarinyar da ta ga uwa tana haɗiyewa ba ta ko yamutsa fuska, sai ita ma ta miƙa hannu, ta daina leƙen tukunya. Bayan wata uku faɗuwar ta koma jefi-jefi. Kafin shekara ta zagayo yarinyar ta koma makaranta da ƙafarta, ba mai rako, uwar da ke cin kwano ɗaya da ita safe da yamma kuwa ras take.

Kai kuma ka zauna da malmala uku a gabanka, kana yi wa yaro wa'azin man shanu. Ai tuni Hausawa suka ce, gani ya kori ji.