Samfuri na Goma Sha Huɗu

Kowace Juma'a sai Hasiya ta kai wa Injiniya Salisu dambu a shagonsa na gyaran janareta da ke Doka, kuma ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba.

Da can ba janareta yake gyarawa ba. Shekara huɗu ya kwashe a wata ƙaramar masana'anta a Kurmin Mashi yana neman haɗa farantin rigar sulke mara nauyi wanda harsashi ba zai huda ba. Hasiya ce telar wurin, ita ke zura faranti cikin riga ta ɗinke bakin. Ƙa'idar Salisu ce ya yi kowane samfuri guda biyu, ya harbi ɗaya, ya rubuta wa ɗayan lamba ya ajiye. Goma sha uku suka gaza, aka jibge 'yan'uwansu ƙarƙashin teburin Hasiya.

Na goma sha huɗu kuwa, harsashi uku ya sha bai ko gezau ba. Ranar Salisu har da hawaye. Saura ɗan'uwansa ɗaya tak, na gwajin hafsoshin soja. In ya tsallake, rigunan sojoji dubu biyar za a yi.

A makon ne aka tura Yahya, ɗan Hasiya tilo da ke aikin soja, dajin da 'yan bindiga suka addaba. Hasiya ba ci ba barci, amma ta ɗinke rigar gwaji tsaf, ta miƙa da hannu biyu.

A filin harbi, harsashin farko ya wuce fit, kamar ta cikin kwali. Wani Kanar ya karkaɗe hularsa ya ce an ɓata musu lokaci, ya sa aka kwashe rigar. Shi ke nan fa, aka rufe masana'anta, sunan Salisu ya koma abin dariya.

"Hajiya, na sake lissafin nan ya fi sau ɗari," haka yake ce mata kullum. "Wallahi ban ga inda na kuskure ba."

Sai ta ce, "Haƙuri, Injiniya," ta tattara kwanonta da sauri. Kunya da baƙin ciki su raka ta har gida.

Bayan wata takwas Yahya ya dawo hutu yana ɗingishi. Ya kafe sai ya raka ta gaida Injiniya. Ta ce rana ta yi zafi, ta ce ƙafarsa ba ta warke ba, ina, ya riga ya rataya jakarsa.

"Baba, mu tara aka yi wa kwanton ɓauna," in ji Yahya bayan sun gaisa. "Takwas an binne su. Ni ma uku aka ɗirka min a ƙirji, amma ka ga abin da Allah ya kare ni da shi."

Ya zaro faranti mai lotsawa uku. Salisu ya karɓa, ya shafa, ya yi murmushin takaici. "Kai, wanda ya haɗa wannan ya iya aiki! Da sauran sun samu irinsa, da yanzu suna gidajensu. Wace ƙasa ce ta yi?"

Hasiya ta dafa bango.

"Ban sani ba, Baba. Umma ce ta ɗinke min shi cikin rigata ranar da za mu tafi."

Salisu ya juya bayan farantin, sai ga lamba goma sha huɗu da rubutun hannunsa.